Muryar Kawu da Bafil ɗin Taubashina

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar wata Laraba, mun idar da la'asar ke nan. Mu huɗu ne a gidana na Tanut. Inna, mahaifiyata, tana kan tabarmarta a bakin ɗaki. Mai ɗakina tana tankaɗen gero a gindin dogon yaro. Ni ina tsaye da tsumma a hannu, na gama goge rediyo. Na huɗun shi ne taubashina, wanda ya tsayar da amalanken jaki a ƙofar gida yana ƙwala mini kira.

"Ina bawan nan nawa? Ɗan mace, fito ka yi dako, ubangidanka ya iso!"

Zan faɗi abin a jere, don wanda bai san gidanmu ba ya gane.

Taubashin nan ɗan kawuna ne, wato ɗan yayan Inna da suke ciki ɗaya. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace. A Damargu kowa ya san abin da wannan ke nufi. Yana iya shiga ɗakina ya ɗauke hulata, ya cinye tuwon da aka rufe mini, ya zage ni a gaban surukaina, kuma ba ni da izinin ɓata rai. In na ɓata, ni ne marar tarbiyya. Na girme shi. Na yi aikin awon hatsi a mangaza, wato babban ɗakin ajiyar hatsi, har furfura ta fito mini, mutane suna gaishe ni da ladabi a kan hanya, amma duk wannan ba ya aiki a kansa. Sana'arsa sa kiɗa a biki. Shi ba makaɗi ba ne, ko kwano bai iya bugawa ba. Yana da manyan akwatunan lasifika guda biyu, waɗanda muke ce wa bafil, kowanne ya kai mini ƙugu, yana yawo da su gidajen aure da suna daga Tanut har Belbeji.

Sai kaset. Lokacin da muke samari, mazan ƙauyukanmu da suke tafiya neman abinci Tamanrasset ba su rubuta takarda. Sukan taru a ɗaki ɗaya, a aje rediyo a tsakiya, kowa ya matso ya yi maganarsa ga mutanen gida, ya ja da baya wani ya matso. In kaset ya cika a ba direba. In ya iso, gidan da ya fara karɓa ya kwafa, ya miƙa wa na gaba. Kawu ya yi magana a irin wannan kaset sau ɗaya tak. Bai dawo ba, can ya rasu, can aka rufe shi. Ba mu da hotonsa. Abin da ya rage wa Inna na ɗan'uwanta shi ne wannan ɗan guntun magana, inda ya kira ta da sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi, ya yi tari, ya ce ta daina kuka don yana da bargo kuma yana cin abinci, ya tambayi rijiyar bayan gidansu ko ta rufta, ya ce in Allah ya yarda da kaka yana tafe.

Sai rediyo. Na saye shi a Damagaram, na hannu ne amma mai lafiya. Hawa biyu gare shi a jiki ɗaya: sama gidan kaset, ƙasa ampili, wato abin da ke ba murya ƙarfi, kuma wuta ɗaya ke ciyar da su. Yana da ƙananan lasifika biyu nasa. Kunnen Inna na hagu ya mutu, na dama yana ji kaɗan. Saboda haka kullum bayan la'asar ga yadda nake yi. In goge rediyo. In mai da murya ƙasa gaba ɗaya kafin in kunna. In ɗora lasifika ɗaya a kan kujerar tsugunno daidai kunnenta na dama. In sa kaset, wanda na riga na juya da bik, wato biro, har wurin da Kawu zai fara. Sannan in ɗaga murya a hankali har in ga ta ɗaga mini yatsa. Takan amsa masa. In ya tambayi rijiya ta ce, "Ta rufta, Yaya, tun tuni." In ya ce yana tafe da kaka ta ce, "To, Allah ya kawo ka." Daga nan sai ta sha kokonta. Ranar da ba a sa ba, ba ta sha.

Abin da ya kawo taubashina gidan, ni na aika masa. Kaset ya fara jan murya, tsufa ya kama shi, aka ce mini gara a kwafe maganar a katin waya tun bai lalace ba. A unguwarmu shi kaɗai ke da na'urar da ke yin haka. Saƙona a fili yake: ya zo da na'urar kwafa da igiyarta, shi ke nan. Da na leƙa waje sai na ga bafil biyu a kan amalanke, an ɗaure su da igiyar rijiya.

Na ce, "Waɗannan fa?"

"Gwaggona na kawo wa. Shekara da shekaru kana sa mata ubana a cikin gwangwanin tumatir, tana kasa kunne kamar mai sauraren gulma. Yau za ta ji shi kamar yana zaune a gabanta." Ya wuce ni ya durƙusa gaban Inna, ya ɗaga murya. "Gwaggo, ina wuni? Bawan nan yana ba ki abinci kuwa, ko awo yake miki da tiya?"

Inna ta yi dariya, ta shafa kansa. Mai ɗakina ma ta yi dariya, tana riƙe da rariya.

Na ce masa, "Saurara. A fara kwafa. In an kwafa, na ji da kunnena ya shiga kati, sai ka yi wasanka. Kwafa tukuna, saurare daga baya."

"Ji shi! Na ɗaya, na biyu, na uku. Kai ko atishawa sai ka jera ta. Ubana ne ko ubanka?"

"Rediyona ne."

"Abin bawa na ubangidansa ne. Matsa."

Ya ture ni da kafaɗa, cikin raha, ya jawo bafil ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin ɗaki. Ni ba mai gyara ba ne, lakol ɗina bai wuce firamare ba, amma ina karanta abin da aka rubuta a jikin kaya. A bayan ampilina, kusa da inda ake maƙala wayoyi, an rubuta takwas. A bayan ƙananan lasifikana ma takwas. A bayan nasa, kowanne huɗu. Mutumin da ya sayar mini da rediyon ya ja mini kunne tun ranar farko: kada a ɗora masa abin da lambarsa ta gaza tasa, kada kuma a tara lasifika biyu a baki ɗaya, domin zai yi ta jan wuta har cikinsa ya dahu. Na faɗa wa taubashina haka, kalma kalma. Ya ce lamba ta 'yan awo ce, shi da kunne yake aiki.

Kan igiyar bafil ɗinsa wani ƙaton abu ne da ake murɗawa, ba shi da mazauni a jikin rediyon gida. Sai ya zaro wuƙa daga aljihu ya yanke kan. Ya feɗe robar da haƙori, ya tofar a kan tabarmar Inna. Bai cire ƙananan lasifikana ba. Ya haɗa wayar bafil na farko da ta na biyu, ya murɗe su wuri ɗaya, ya cusa a ramin da tawa take ciki. Bai duba ja ba, bai duba baƙi ba. Silin waya ɗaya ya tsaya a waje kamar gashin baki, yana neman taɓa na kusa da shi. Duk wannan kuma rediyo yana kunne.

Na kai hannu zan zare wuta daga bango, ya riƙe mini wuyan hannu. Ya juya wajen Inna ya ce, "Gwaggo, kin ga ɗanki zai hana ki jin yayanki?"

Inna ta ce, "Bar shi mana. Ɗan'uwanka ne, wasa yake maka."

Da uwa ta faɗi haka, a gaban matata, na saki. Ya danna kaset, ya murɗa murya har ƙarshe a tashi ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, an ji Kawu. An ji shi har gidan maƙwabta. Sallamarsa ta fito da nauyin da ban taɓa ji ba, kwanon koko ya yi rawa a ƙasa, kaji suka watse. Inna ta miƙe zaune, ta dafe ƙirji, ta ce, "Yaya!" Ya kira ta da sunan nan. Ya fara tari. A tsakiyar tarin muryar ta kwarkwance, wani abu ya yi ƙara a cikin ampili kamar an taka busasshen kara, fitilun gaba suka mutu, hayaƙi siriri ya fito ta ramukan sama da warin ƙonannen roba.

Ko a nan da an tsaya, da ba a yi asara ba sai ta ƙarfe. Rediyo irin nawa, in wuta ta yanke yana cikin juyi, haƙoransa sukan riƙe kaset, ƙofar ba ta buɗuwa sai an kwance shi ta baya. Na san haka, domin wutar gari ta sha ɗaukewa muna tsakiyar saurare, nakan jira ta dawo. Na ce, "Kada ka taɓa. Gobe in kai shi wurin mai gyara ya kwance." Na juya in zare wuta daga bango don kada gobara ta tashi. Juyawar da na yi ke nan. Da na waiwayo, wuƙar tana cikin ƙofar kaset.

Ya ɓalle ƙofar. Ya fizgo kaset, zaren ya maƙale a ciki, ya ci gaba da ja hannu bayan hannu kamar mai jan guga, yana cewa, "Yanzu zai fito, ai na saba." Da ya ƙi fitowa ya sa wuƙa ya yanke. Ya dunƙule abin da ya jawo, ya haɗa da kaset ɗin, ya ɗora a bayan bafil ɗaya wanda murfinsa ya daɗe da cirewa, daidai kan ƙaton maganaɗisun da ke ciki, wai don kada iska ta kwashe.

Sannan ya dube ni ya yi dariya. "Kai, ɗan mace, ashe rediyon naka ma bawa ne irinka. Ɗan kaya kaɗan ya durƙushe."

Mai ɗakina ta aje rariya ta shige ɗaki. Inna tana ta duban lasifikar da ke kan kujera, tana jira a ci gaba.

Ban zage shi ba. Na ɗauki kaset da dunƙulen zaren na sa a aljihu. Na ce ya kwashe kayansa. Ya ce sai na taya shi dako. Na tsaya ina kallonsa har ya ɗora su shi kaɗai.

Washegari na shiga mota zuwa Damagaram. Mai gyara ya buɗe ampili ya nuna mini inda ya ƙone, ya ce wannan ana samun kayansa. Na zaro kaset na miƙa masa. Ya warware zaren a kan tebur, ya goge abin da zai gogu, ya liƙa da sikoc, wato salatif, ya sa a nasa rediyon. Mutumin da ya yi magana kafin Kawu yana nan, amma kamar daga cikin rijiya. Wanda ya biyo bayan Kawu ma haka. Wurin Kawu kuwa, da yake nan ne zaren yake a waje, babu komai sai shuuu, da wani ɗan ƙara a ƙarshe da ban sani ba ko tari ne ko mikin wuƙa. Mai gyara ya tambaye ni ko an aje shi kusa da babbar lasifika. Na ce a kanta aka aje. Ya ce maganaɗisun ne ya shafe maganar, ya miƙo mini abina.

Na dawo da rediyo yana aiki. Bayan la'asar Inna ta gyara zama ta ce, "Yau ba a sa mini Yaya?" Na ce kaset yana wurin gyara. Kashegari ta sake tambaya. Koko ya yi ta hucewa a kwano.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba ɓarnar ba ce, yadda dangi suka ɗauke ta ne. Da labari ya bazu cewa na hana taubashina shiga gidana, sai aka yi ta zuwa. Ƙanin mahaifina ya taso daga Falanko takanas. Ya zauna a zaurena ya ce, "Kai da muke ganin ka da hankali? Taubashi ake fushi da shi? Ko gidanka ya ƙona, dariya za ka yi, ka rama a kansa wata rana."

Na ce, "Baba, da me zan rama? In fasa bafil ɗinsa? Ya sayi wani. Muryar da ya yanke, a wace kasuwa ake sayar da ita?"

"Ai ubansa ne. Shi ma ya yi rashi."

"Bai taɓa zuwa ya ce a sa masa ba, ko sau ɗaya. Inna ce ke ji."

Ya ce al'ada ba ta san wannan ba. Na ce to ni na sani. Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Ni ban ƙi wasan taubasai ba. Da shi na tashi. Na ga yadda yake kashe faɗa tsakanin gidaje, na ga mutum biyu da suka kusa kai juna gaban alƙali sun rabu da dariya saboda shi. Amma wasan da na sani, hula ake ɗaukewa, takalmi ake ɓoyewa, abin da za a iya mayarwa. Wanda aka ce masa kwafa tukuna ya ƙi, aka ce kada ka haɗa ya haɗa, aka ce kada ka taɓa ya sa wuƙa, wannan ba wasa ya yi ba. Ya yi abin da ya ga dama ne, don ya san akwai rigar da zai shige in abin ya ɓaci. Kuma har yau bai ce mini ya yi kuskure ba. A wurinsa faɗin haka ga ɗan mace faɗuwa ce.

Bayan 'yan makonni aka yi aure a layinmu, aka ɗauko shi. Da rana tsaka ya kafa bafil ɗin nan biyu suna fuskantar katangata. Tsakanin waƙa da waƙa sai ya ɗauki makirfo: "Ina gaida bawana mai fushi, mai rediyon gwangwani! A ce masa ubangidansa ya yafe masa!" Mutane suna ta shewa. Ina zaune a tsakar gida ina jin sunan gidana yana yawo a unguwa.

Inna kuwa ta ɗaga kai. Ƙarar ta isa kunnenta. Ta ce, "Wa ke magana? Kamar Yaya."

Gaskiya ne, muryarsu tana kama, musamman in ta fito ta lasifika. Mai ɗakina ta faɗa wa wata, wata ta faɗa wa wata, magana ta koma kunnensa. Sai ga shi bayan kwana biyu, da la'asar, ya shigo ta ƙofar mata lokacin ina masallaci. Na dawo na same shi a tsugunne a bayan kujerar da nake ɗora lasifika, ya kai baki kusa da kunnen Inna na dama, ya toshe hanci kaɗan, yana kwaikwayon ubansa. Ya kira ta da sunan, don ya ji shi ranar da ya yi ɓarnar. Ya ƙaƙalo tari. Ya ce yana da bargo, wannan a bakin dangi ya ji shi. Daga nan bai san sauran ba, sai ya shiga ƙirƙira, wai a gaida kowa da kowa, wai a yi wa ɗansa addu'a kasuwa ta buɗe.

Inna ta saurara har ya gama, idonta a rufe. Sannan ta ce, "Tarin ba haka yake ba. Kuma bai tambayi rijiya ba." Ta juyar da fuskarta wajen bango.

Ya ɗago ya gan ni, ya buɗe baki zai fara "ɗan mace". Na kama hannun rigarsa, na bi da shi ta tsakar gida, ta zaure, har waje, na rufe ƙofa na sa sakata. A gaban mutane na yi, da rana. An ce na karya abin da kakanni suka bari. An daina aiko mini da goron wasu bukukuwa. A masallaci akwai waɗanda suke gaishe ni da fatar baki kawai. Na ji, na gani, ƙofar kuma tana nan a rufe gare shi.

Inna tana nan da rai, amma ta rame. Ta daina tambaya kullum, sai jefi-jefi, kuma ranar da ta tambaya ta fi ranar da ta yi shiru sauƙi a gare ni. Rediyo yana kan teburinsa, ina goge shi bayan la'asar kamar da. Na je ƙauyen su Inna na wajen Tarka na bi gidajen da na san mazansu sun yi Tamanrasset tare da Kawu. Wasu sun ce yara sun warware kaset ɗinsu sun yi wasa da zaren. Wasu sun ce an ɗauki waƙa a kai. Wata tsohuwa ta ce nata yana cikin akwatin da ɗanta ya tafi da shi Belbeji, na je, ba shi ba ne.

Amma kaset ɗin an kwafe shi gida gida, na tabbata ba namu kaɗai ya rage ba. Saboda haka, kai mai karatu, in kana da dangi a Tarka, ko Belbeji, ko Falanko, ko nan Tanut, ina roƙonka ka buɗe tsofaffin akwatunan gidanku ka duba. Ga yadda za ka gane shi. Da farko ana jin ana zuba shayi, wani yana cewa a yi shiru an fara. Akwai wani mutum da ya daɗe yana tambayar raƙumarsa ko ta haihu, har aka yi masa dariya. Wanda ya biyo bayansa, mai tari, mai tambayar rijiya, shi ne Kawu. In ka samu, kada ka sa shi a rediyon da ba ka yarda da shi ba, kada ka aje shi kusa da lasifika, kada ka ba kowane mai kiɗan biki ko da ya rantse maka ubansa ne. Ka nannaɗe shi a tsumma, ka zo Tanut ka tambayi gidan tsohon mai awon mangaza wanda ya kori taubashinsa, kowa zai nuna maka. Ka zo da shi tun Inna tana ji da kunnen dama.